Python 3.13 a rumfar albasa ta Mile 12: abin da ya karye, da awa ɗayan da aka tono

Akwai wani Alhaji dillalin albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas, can titin Ikorodu in ka wuce Ketu, wanda tun wajen 2020 ya daina dogara da littafin takarda kaɗai. Ɗan ƙanwarsa ne lokacin yana karatun kwamfuta ya rubuta masa wata 'yar manhaja da yaren rubuta manhaja na Python, siga ta 3.8, ita ce ta yayi a lokacin tunda a Oktoban 2019 ta fito. Aikin nata ba wani mai yawa bane, mota ta iso daga Aliero ko Sakkwato sai akawu ya shigar da lambar mota da sunan mai kaya da yawan buhu, in an sayar ya sa farashi, ita kuma ta cire la'ada da kuɗin mota da na 'yan dako ta nuna abin da za a tura wa mai kaya gida. Kashi biyu ce manhajar. Babban kashin yana kan wata saba, wato kwamfutar da ke kan intanet, da suke haya duk wata, shi ne shafin da yaran rumfa suke buɗewa a waya, sai kuma wani ɗan guntu a laftof ɗin rumfa da akawu ke amfani dashi, yana shigar da wasu bayanan ta nan kuma yana fitar da lissafin mako a Excel.

Farkon 2023 lokacin canjin kuɗi da aka rasa tsabar kuɗi a hannu kowa ya koma taransifa, to kun san rigimar da ta biyo baya, wannan ya ce na tura wancan ya ce ban ga alat ba, layi ya taru albasa tana zaune a rana. Sai yaron ya ƙara wani shafi da za a riƙa loda hoton rasit a maƙala shi da cinikin. Da abin da ya zo hannunsa yayi, wato cgi domin karɓar fom ɗin, da imghdr domin a tabbatar hoto ne aka turo ba wani tarkace ba, dukansu biyun a cikin Python ɗin suke zuwa ba sai ka sauke komai ba. Ku riƙe sunayen nan biyu.

Abin da ya tayar da maganar saƙo ne daga masu ba da hayar sabar, cewa 3.8 wa'adinta ya ƙare a Oktoban 2024, ba za a ƙara fitar mata da gyaran tsaro ba, don haka za su ɗauke ta, kowa ya koma sabuwa. Yaron yanzu yana aiki a Abuja ba shi da lokacin kansa, shi ya haɗa ni da kawun nasa tunda ni ina Agege kuma irin aikin da nake yi kenan.

Ga wanda bai san tsarin ba, tun daga 3.9 duk Oktoba ake fitar da sabuwar Python, kowace kuma shekara 5 ake kula da ita sannan a sake ta. 3.10 ta fito 2021, 3.11 a 2022, 3.12 a 2023, sai 3.13 ranar 7 ga Oktoba 2024. Kaga kenan daga 3.8 zuwa 3.13 ba sabuntawa ɗaya bace, fitowa biyar ce za a haɗiye lokaci guda, kuma kusan duk wahalar da aka sha daga nan ta samo asali.

Da muka fara waya da yaron shi zumuɗinsa yana kan abu biyu da ake ta yayatawa a kan 3.13, cire GIL da kuma JIT. GIL wani makulli ne a cikin Python da yake hana zare, wato layin aiki a cikin manhaja, fiye da ɗaya gudanar da kod ɗin Python a lokaci guda, kamar dai rumfa mai yara goma amma biro ɗaya, kowa na iya zuwa da lissafinsa amma ɗaya bayan ɗaya za a rubuta. A 3.13 an fitar da wani gini na daban, python3.13t, wanda ake iya kashe makullin, daga shawarar PEP 703 ta Sam Gross. JIT ɗin kuma yana juya wasu sassan kod zuwa yaren inji yayin da manhaja take gudu. Manyan abubuwa ne gaskiya, shekara da shekaru ana jayayya a kan GIL ɗin nan. Amma a 3.13 dukansu na gwaji ne, JIT a kashe yake zuwa sai wanda ya gina Python ɗinsa da shi, mara GIL ɗin kuma in zare ɗaya kake amfani dashi ma ya fi na kullum nauyi, ga laburare, wato tarin kod da wasu suka rubuta ake saukewa, da yawa ba su gama shirya masa ba a lokacin. Na ce masa ƙanina, shafin da mutum biyar ko shida ke buɗewa a waya me zai yi da wannan, manhajar kawunka rabin rayuwarta jiran netwok take. Muka ajiye su gefe bamu ƙara bi ta kansu ba.

Na kwafo kod ɗin da rumbun bayanan zuwa kwamfutata, na tayar da shi a 3.13 don in ga inda zai tsaya. Ko layi na goma bai kai ba ya tsaya, wai babu wani abu mai suna cgi. To ba ɓata yayi ba, cire shi aka yi da gangan. Akwai wata shawara, PEP 594, da ta tattaro tsofaffin sassa guda 19 da ba mai kula da su, irin su cgi da cgitb da imghdr da telnetlib da crypt da nntplib, tun 3.11 aka fara gargaɗi cewa za su tafi, a 3.13 aka share su. Wanda ya bi ta 3.11 da 3.12 yana da shekara biyu cur na shiri. Wanda ya zauna a 3.8 kuma ko gargaɗin bai taɓa gani ba, sai dai ya wayi gari ya ga babu. Ni dai ban ga laifin masu cirewar ba, cgi tsarin zamanin farkon intanet ne, duk buɗe shafi sai an tayar da sabon Python daga farko, amma dole a faɗi gaskiya irin waɗannan ƙananan manhajoji na shago da makaranta da wani ɗalibi ya rubuta ya tafi su ne cirewar ta fi dukan su, kuma su ne ba su da wanda ke karanta sanarwa.

Hanya biyu ce. Ko a sake rubuta shafukan da Flask, wani laburaren gina shafukan intanet, ko a je PyPI, ma'ajiyar laburaren Python, a sauke legacy-cgi wanda shi ne dai tsohon cgi ɗin aka fitar dashi waje. Kasuwa ba ta tsayawa don ana gyaran kwamfuta, don haka legacy-cgi muka fara sakawa abu ya tashi, sannan aka riƙa ɗauke shafukan ɗaya-ɗaya zuwa Flask. imghdr kuma Pillow, laburaren sarrafa hoto, ya maye gurbinsa. Sai pandas da NumPy, laburaren lissafi, da yaron ya ƙulle a tsohuwar siga, pip mai sauke laburare ya nemi wadda aka gina wa 3.13 bai samu ba, ya ce bari ya gina da kansa, nan ma ya faɗi da dogon ja-in-ja, tsofaffin suna neman distutils wanda tun 3.12 aka cire. Aka ɗaga su zuwa NumPy 2.1 da pandas 2.2.3 shikenan. Wannan duk aikin hannu ne, ba abin ba da labari.

Inda labarin yake shi ne gargaɗi. Python tana ɓoye yawancin gargaɗin abubuwan da za a daina, musamman in daga wani fayil na ciki suka fito ba daga wanda ka tayar kai tsaye ba, sai ka tayar da ita da -W default sannan za ta zazzage maka su duka. Da na yi hakan sai ga wani yana ta maimaituwa, a kan datetime.utcnow, wanda aka fara gargaɗi a kansa a 3.12. Ba a cire shi ba, yana aiki lafiya lau, da mutum zai iya kau da kai. Dalilin gargaɗin shi ne yana ba ka lokacin UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, amma ba ya lika masa alamar cewa na UTC ne, lokaci ne tsirara, duk wanda ya ɗauka daga baya zai iya zaton agogon garinsu ne. Najeriya kuma tana gaban UTC da awa 1. Na duba inda ake nuna lokacin a shafi, ba inda aka ƙara awar. Ma'ana tun ranar da aka kunna manhajar nan duk abin da aka shigar ta waya yana baya da awa guda.

Da na je rumfar na tambayi akawun, dattijo ne ɗan Jega, na ce Malam kun taɓa lura lokacin da shafin nan ke nunawa ba daidai yake ba? Dariya yayi ya ce ai tun tuni, agogon na'urar ne ke latti, shi in ya ga ƙarfe tara ya san goma ce. Ya saba abinsa. Abin da bai lura dashi ba shi ne tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya ba awa kaɗai ke canzawa ba, har kwanan wata. Kuma duk wanda ya san Mile 12 ya san dare ba lokacin barci bane, motocin da suka taso daga Kebbi suka biyo ta Yawuri da Kontagora da Mokwa da Jebba da Ilori har Ibadan ba su da lokacin isowa, da yawa cikin dare suke shigowa, masu saye da yawa kuma suna tura kuɗi tun dare don a ware musu buhu kafin asuba. To wanda ya tura kuɗi sha biyu da minti ashirin na daren da ya shiga Litinin, banki zai rubuta Litinin, manhaja kuma ta rubuta Lahadi sha ɗaya da minti ashirin. Akawu in ya zo haɗa lissafi da kwanan wata yake bi, ya duba Lahadi a takardar banki bai ga kuɗin ba, sai ya sa wa cinikin alamar tambaya. In Lahadin ce ƙarshen lissafin mako kuma abin ya ƙara cakuɗewa, ciniki yana makon jiya kuɗinsa yana makon yau.

Nan Alhaji ya yi shiru, can ya ce akwai wata Iya, Bayarabiya mai saye da yawa tana kaiwa wajen Oyingbo, an taɓa samun saɓani da ita a kan irin wannan, yara suka ce rasit ɗinta na bogi ne, daga baya an ga kuɗin amma ta riga ta yi fushi ta koma wata rumfar. Muka nemo cinikin a rumbun bayanai, sha ɗaya da wani abu na dare ya nuna, wato sha biyu da wani abu. Ban ce wannan ne kaɗai ya jawo rigimar ba, a lokacin ma bankuna alat na makara, amma dai manhajar ta ba da nata gudunmawar. Alhaji ya ce injiniya, ashe matar nan gaskiyarta ce. Na ce ranka ya daɗe, abin da rubutun ya nuna kenan.

Gyaran a baki mai sauƙi ne. Tun 3.9 akwai zoneinfo a cikin Python, ka ba shi Africa/Lagos ya san sauran, ba sai an nemo pytz ba kamar da. Ƙa'idar ita ce a ajiye lokaci a UTC da alamarsa a jiki, sai lokacin nunawa a juya shi zuwa agogon Legas. Tunda Najeriya ba ta ja da agogo gaba da baya kamar Ingila ko Amurka, awa ɗaya ce rani da damina, na ɗauka tsofaffin bayanan ma lika musu alama kawai za a yi. Sai ga wata sabuwa, guntun da ke laftof shi ba utcnow yake amfani dashi ba, datetime.now ne, wato agogon laftof ɗin na Legas, kuma a layi ɗaya suke zubawa da na waya. Wasu na UTC wasu na gida, duk tsirara, ba ka bambance su da ido. Abin da ya cece mu yaron ya yi hankalin saka wani gurbi da ke nuna ta ina aka shigar da kowane bayani, waya ko laftof, da shi aka raba su, na laftof aka ja su baya da awa guda suka zama UTC, sannan aka lika wa kowa alama. Sai da aka ajiye kwafin rumbun gefe kafin a taɓa ko layi ɗaya, kuma akawu ya zauna da littafinsa na takarda, wanda bai taɓa yarda ya bari ba, muka ɗauki wasu ranaku muka gwada.

A wajen wannan aikin ne na ga amfanin sabbin saƙonnin kuskure, wanda a ganina shi ne babban abin da aka samu tsakanin 3.8 da 3.13 ga mai ƙaramin aiki. Python ba ta yarda ka ce wanne ya riga wanne tsakanin lokaci mai alama da tsirara, TypeError za ta ba ka, kuma akwai wani dogon layi a kod ɗin da ake kwatanta lokuta har uku a ciki. A 3.8 lambar layi kawai za a ba ka kai ka je ka nemo. Tun 3.11 kuwa 'yan alamomi take jerawa a ƙarƙashin daidai wurin da ya fashe, a 3.13 har da kala. 3.10 ita ta kawo tambayar ko kaza kake nufi in ka yi kuskuren harafi a suna, da gaya maka daidai bakan da ka buɗe baka rufe ba maimakon ta nuna wani layi can ƙasa da ba ruwansa. Ƙanin yaron da ke taya akawu yana koyon Python a gefe, ya taɓa sa wa fayil ɗinsa suna random.py komai ya rikice masa, yanzu 3.13 da kanta take ce maka sunan fayil ɗinka ya yi karo da na cikin gida ka canza. Shi kam sabon allon rubutu na 3.13 ne ya tafi da shi, ana iya komawa a gyara layuka da yawa a tare, ka rubuta exit kawai ka fita.

Sai maganar laftof, a nan ne aka ɗan ja. Windows 7 ne a kansa, kuma 3.8 ce Python ta ƙarshe da ke shiga Windows 7, ita 3.13 sai Windows 10 zuwa sama. Ashe ma wannan ne asalin abin da ya sa yaron bai taɓa ɗaga manhajar ba. Barin laftof a 3.8 saba a 3.13 kuma tarko ne, domin akwai fayil ɗin lissafin la'ada da suke rabawa su biyun, ranar da wani ya rubuta match, wani sabon umarnin zaɓi da 3.8 ba ta sani ba, ko irin f-string ɗin (salon cusa ƙima cikin rubutu) da 3.12 ta halatta, mai maimaita alamar zance iri ɗaya a ciki, saba za ta karɓa laftof ya ce bai san zancen ba, kuma ranar lissafin mako za a gane. zoneinfo ɗin ma babu shi a 3.8 sai da dabara, a Windows kuma ko a sabuwa sai an ƙara sauke tzdata, bayanan agogon ƙasashe. Alhaji ya ce shi fa na'urarsa tana aiki, bai ga dalilin zuwa Computer Village a Ikeja ba ana tsakiyar kaka kuɗi duk suna cikin kaya. Gaskiyarsa ta wani ɓangaren. Abin da aka yi sai aka kwashe aikin laftof ɗin gaba ɗaya aka mayar kan saba, shigar da bayani da fitar da Excel duk ta shafi, laftof ya zama na buɗe shafi kawai. Na dai gaya masa Chrome ma ta tsaya a 109 a kan Windows 7 tun farkon 2023, kada a riƙa shiga banki da shi, ya ce in kaya sun ragu za a duba.

match ɗin da ya zo a 3.10 wuri ɗaya na yi amfani da shi, inda ake raba nau'in shigarwa, saukar kaya ne ko ciniki ko biya ko bashi, da can if da elif ne sun yi tsani kowanne yana leƙa cikin bayanin sau biyu sau uku. Ya yi kyau a nan don yana duba siffar bayanin ya ciro abin da ke ciki lokaci guda. Amma yana da wani hali da ke kama sabon shiga, in ka rubuta suna tsura a gaban case ba kwatantawa zai yi ba, kama duk abin da ya zo zai yi ya zuba a sunan, sai ka sa suna mai ɗigo ko ƙimar kanta. Yaron ya so a bi duk if ɗin manhajar a mayar match, na ce a'a, abin da ke aiki kuma kowa na iya karantawa a bar shi.

Gudu kuma, masu Python sun ce 3.11 ta fi 3.10 sauri da kashi 10 zuwa 60 cikin ɗari gwargwadon aiki, kuma ban musa ba, lissafin mako yana fita da ɗan sauri. Amma a rumfa ba wanda ya ce ya ji bambanci. Abin da suka ji shi ne shafin tarihin ciniki, da can yana jawo hotunan rasit da girmansu yadda waya ta ɗauka, a netwok ɗin cikin kasuwa da rana tsaka kuwa sai ka gaji da jira, tunda Pillow ya riga ya shigo sai na sa yana rage hoton kafin a ajiye. Wannan yaran suka yaba, har suna cewa sabuwar Python akwai gudu, ban tsaya gyara musu ba.

Yanzu dai saba tana kan 3.13, wadda za a ci gaba da kula da ita har Oktoban 2029, laburaren duk an rubuta sigoginsu a fayil ɗaya, kuma mun yi da yaron cewa duk Oktoba in sabuwa ta fito zai tayar da kwafin manhajar a kanta da -W default ya karanta abin da ta ce ko da ba za a koma ba. Akawu sai da ya ɗan sha fama kafin ya daina ƙara awa ɗaya a ka. Alhaji ya aika yaro Oyingbo da buhu guda da ban haƙuri, Iya ta karɓa, ta ce za ta leƙo. Shafin loda rasit shi kaɗai ya rage a kan legacy-cgi, shi ne wanda aka fi taɓawa dare da rana, an bar shi sai damina in motoci sun ragu.